Nevena a Kan Keken Asibiti

Shekara ta uku ke nan Nevena tana kwance. Da can ita ce malamar motsa jiki a wata makarantar firamare a garin Ruse, mace mai ƙarfi, takan bi bakin kogin Danube a kan keke kafin ta shiga aji. Wani zazzaɓi ne ya kama ta da hunturu, ya yi kwanakinsa ya tafi, amma ƙarfinta bai dawo ba. In ta wanke gashinta da safe, sai ta wuni ta kwana ba ta iya ɗaga cokali. Haske yana sukar idonta, ƙarar firji kuwa har cikin ƙashi take jin ta.

An ɗebi jininta har hannayenta suka yi tabo. Duk gwajin da ya fito, sai likita ya ce lafiyarta lau. Wani ya rubuta mata maganin damuwa, wani ya ce ta riƙa fita shan iska. Kwamitin da ke tantance waɗanda ba za su iya aiki ba ya ce bai ga komai ba. Surukarta Yordanka, wadda ke zuwa kullum ta yi musu girki, takan tsaya a kicin tana mita yadda za a jiyo ta: ita fa uku ta haifa, a masana'antar gwangwani ta tsufa, ba ta taɓa kwanciya da rana ba. Mijinta Zahari bai taɓa cewa ƙarya take yi ba. Ya dai daina tambayarta ya jiki, wannan kuwa ya fi komai ƙona mata rai.

Wata mata mai irin ciwon ce ta gaya mata ta waya cewa wasu likitoci a birnin Sofiya suna neman masu irin ciwon. Suna binciken ko ciwon gajiyar nan yana barin wata alama a jini ko a numfashi. Za a ɗora mutum a kan keken motsa jiki ya tuƙa har ya kasa, gobe kuma ya sake, ana ɗibar jininsa kafin da bayan.

Zahari ya ce sam. Ya tuna mata bikin kammala sakandare na 'yarsu Kalina ya matso, har an ɗinka riga. Nevena ta kama hannunsa da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Zahari, ko dai ka kai ni, ko in rarrafa in tafi. Na gaji da rantsuwa cewa ba ni da lafiya. Ina so wani ya gani da idonsa."

A kujerar baya ya kwantar da ita, ya rufe mata ido da gyale, suka kama hanya.

Likitar da ta karɓe su, Dakta Bozhilova, ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce akwai waɗanda gwajin nan ya kwantar wata da watanni, kuma ba magani za a ba ta ba. Nevena ta ce ta ji, a fara.

Ranar farko ƙafafunta suka tuna aikinsu. An ɗaura mata abin auna numfashi a fuska, tana tuƙi hawaye na zuba a cikinsa, don ta manta daɗin da ke cikin motsi. Rana ta biyu sai da mutum biyu suka ɗora ta. Ta danna feda, ta ji kamar an zuba mata siminti a cinya. Ba ta yi nisa ba ɗakin ya juya, ta yi amai, aka sauke ta.

Da Nevena ta ɗan farfaɗo, likitar ta juyo musu da fuskar kwamfuta. Layi biyu ne, na jiya a sama, na yau ya faɗi ƙasa sosai. Ta ce mai lafiya, ko rago ne, abin da ya yi jiya yakan maimaita shi yau. Jikin Nevena kuwa ya kasa cin moriyar iskar da yake shaƙa, kuma wannan ba abin da mutum zai ƙirƙira ba ne.

Zahari ya daɗe yana kallon layin, sannan ya fita waje. Ta jiyo shi yana fyace hanci.

"To yanzu kwamiti za su yarda?" in ji Nevena.

Likitar ta sunkuyar da kai. Ta ce har yanzu bincike ne, ba a amince da shi a matsayin gwajin gano cutar ba. Jinin kuma za a ajiye shi a ƙanƙara sai an tara na mutane da yawa, wataƙila a ɗauki shekaru.

Nevena ta koma gida jikinta ya fi na da lalacewa. Magana ma ta gagare ta, sai da siririn bututu take shan romo. Ranar bikin, motoci suka cika unguwa da oda, 'yan makaranta na ihu ta tagogi. Kalina ta shigo ɗakin mai duhu cikin doguwar rigarta, ta tsuguna. Nevena ba ta iya buɗe ido ba, sai ta shafa yadin da yatsunta har aka kira yarinyar daga ƙasa.

Da Zahari ya nuna wa uwarsa hoton layin, ta sa tabarau ta duba, ta ce ita ba ta iya karatun likitoci ba. Kwamiti ma ya sake ƙi.

Da lokacin kaka ya shigo, Dakta Bozhilova ta kira. Sun ga wani abu a jinin wasu daga cikin marasa lafiyar, ba su tabbatar ba tukuna, suna buƙatar a sake hawa keken. Zahari ya rufe wayar da tafin hannu yana girgiza kai. Nevena, wadda a makon nan ne ta fara iya zama a bakin gado, ta miƙa hannu.

"Ba ni ita," ta ce. "Wace rana?"