Jitar Kuwahara Ta Sa Jama'a Kuka

Da Kuwahara ya ajiye tuƙin bas a birnin Kobe na ƙasar Japan, sai ya sayo jita ta ƙarfe zalla, mai faranti a tsakiya kamar murfin tukunya. Burinsa bai wuce ya shiga ƙungiyar dattawan unguwa masu kaɗa tsofaffin waƙoƙin jaz ba. Shugabar ƙungiyar, Madam Hirose mai fiyano, ta dubi jitar ta taɓe baki.

"Kuwahara, wannan abin kiɗa ne ko kwanon rufi? To, ka zo ran Lahadi lambun bakin teku. In ka kori jama'a, ɗaukar kujeru ta kama ka."

Kwana uku bawan Allahn nan yana goge jita da man goge mota, har matarsa ta fara gyara gashi a jikin jitar kamar madubi.

Ran Lahadi da ƙarfe uku, rana ta karkato daidai kan dandamali. Kuwahara ya fara kaɗa waƙa mai taushi. Bai yi nisa ba ya ga wata tsohuwa a layin gaba tana share ido. Na kusa da ita ma ya zaro hankici. Kuwahara ya juya hagu, hagu ta ɓarke da hawaye. Ya juya dama, nan ma haka. Daɗi ya kusa kashe shi. Shekara talatin yana tuƙi, ko fasinja ɗaya bai taɓa yi masa kuka ba.

Gaskiyar magana, hasken rana ne ke dukan ƙarfen yana faɗa musu a ido. Amma mutanen nan gara su makance da su ɗaga hannu su ba dattijo kunya. Suka zauna ƙyam suna ta zubar da ruwa.

"Daina juyi!" in ji Nakao mai ganga, ƙasa-ƙasa.

"Ai ba zan hana kowa rabonsa ba," in ji Kuwahara. Ya waiwaya ya haska Madam Hirose.

Da aka tashi, yana cikin sunkuyon godiya, wani tsoho ya matso da idanu jajur, ya rusuna sau biyu.

"A gafarce ni, maigida. Wannan fitilar taka, ba ta da wurin kashewa ne?"

Kuwahara ya dubi jita, ya dubi rana, ya dubi haske na rawa a kan sanƙon Nakao. Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage. Ya jingine jitar ya fara naɗe kujeru.

"Wa ya sa ka?" Madam Hirose ce, tana matse ido.

"Na san hukuncina, Madam."

"Ka ga wanda ya tashi? Ko hanya ba sa gani, balle su gudu." Ta fyace hanci. "Ni kuma ka hana ni ganin takardar kiɗa. Shekara arba'in ban taɓa kiɗa ido a rufe ba sai yau, dole ta sa na saurare ka. Ka yi kuskure wuri biyu, sauran kuwa ya shige ni."

Kuwahara ya tsaya da kujera a hannu.

"Laraba ƙarfe biyu muke gwaji," in ji ta. "Kuma in ka sake goge abin nan, ni da kai ne."