Muryar Baba a Ƙarƙashin Dambe

Shekara uku Barira ta yi tana ajiye da kaset ɗin a ƙasan akwatinta, duk da ta san babu komai a cikinsa sai dambe.

Da can ba dambe ba ne. Bidiyon sunan ɗanta na fari ne, wanda aka ɗauka a gidansu na Damri. A ciki mahaifinta, Malam Falalu, ya faɗa a gaban kyamara cewa ya ba ta gonar shinkafarsa ta bakin kwata, inda ruwan noman rani ke bi, kyauta. Dattawa biyun da ke zaune kusa da shi ranar sun riga shi rasuwa. Bayan sadakar arba'in yayanta Sulaiman ya ari kaset ɗin, wai yana kewar fuskar Baba. Da ya maido shi, damben talabijin ne a kai tun daga farko har ƙarshe. Ya ce kuskure ne. Damina na kamawa ya shiga gonar, ya ce tasa ce a rabon gado.

Wata Talata a shekarar 2009 ta shiga kasuwar Mafara da kaset ɗin a jaka, ta nufi rumfar Malam Manu mai gyaran bidiyo. Bayan sun gaisa, ya tambayi mutanen Damri da yara da gajiyar hanya, sai ta miƙa masa, ta gaya masa abin da ke ciki da can, da yadda aka ce an goge shi da kuskure.

"An ce kana iya maido abin da aka goge."

"Wanda ya gaya miki ya yi mini ƙarya, Hajiya. Amma kawo in gani."

Ya juya kaset ɗin, ya nuna mata wani ɗan rami a bayansa da aka liƙe da salatif.

"Wanga rami, in yana buɗe, bidiyo ba ta yarda ta yi ɗauka a kan kaset. Akwai ɗan ƙarfe a cikinta da ke lalubawa. Sai mutum ya zauna ya toshe shi da hannunsa. Wa ya ce miki kuskure ne?"

Barira ta gyara mayafinta.

Manu ya sa kaset ɗin a wata bidiyo da ya cire wa murfi. Haruffa biyu suka haska a gabanta, LP, sannan 'yan dambe suka fito, kalangu na tashi sama-sama. Ya bayyana mata cewa a gefen zaren kaset akwai alamomi da bidiyo ke karantawa ta san gudun da aka yi ɗauka da shi. Masu ɗaukar biki da gudun sauri suke yi, wato SP. Wanda ya ɗora damben kuwa da na hankali ya yi, wato LP, don ya cinye zaren duka da abu mai tsawo.

Yana cikin magana sai ya tsaya, ya kara kunnensa jikin talabijin ɗin.

"Kin ji wani gurnani a ƙasa, kamar bijimi yana kuka a nesa?"

"Kullum ina jinsa. Na ɗauka lalacewa ce."

"Bidiyon wa aka yi wanga aiki da ita?"

"Ta Yaya Sulaiman. Mai sayar da taki a Bakura."

Manu ya yi dariya har ya aje sukudireba.

"Na san ta, wata baƙa mai tsagaggen murfi. Ya taɓa kawo mini ita. Na ce masa abin da ke share tsohuwar ɗauka ya mutu, a canja. Ya ce tunda tana nuna hoto a bar masa kayansa. Hoton Babanku ya tafi, sabo ya danne shi. Amma muryar ba a share ta ba, jan ta kawai ake yi a hankali."

Ya ɗauki wani ɗan guntun waya ya haɗa wurare biyu a cikin na'urar, don ta daina bin alamomin gefen zare ta yi gudun sauri dole. Hoton ya wargaje ya zama layuka. Kalangun ya koma ƙyas-ƙyas. A ƙarƙashinsa sai ga tarin da Barira ta sani tun tana yarinya, sannan murya:

"Ku shaida, gonar bakin kwata na ba ɗiyata Barira. Ba ta cikin gado. Sulaiman, kana ji?"

Wata murya ta ce, "Na ji, Baba."

Barira ta dafa teburin da hannu biyu. Sau huɗu ta sa aka maimaita, sannan Manu ya ɗaukar mata a wayarta.

"Ki kai wa Maigari gobe-gobe," in ji shi. "Kafin ya fara aikin rani."

"A'a. Bari ya fara."

Ta bari ya yi huɗa. Ta bari ya zuba taki, ya kawo 'yan ƙwadago daga Dosara suka yi masa dashe. In sun haɗu a gidan suna ko gaisuwar mutuwa, tana durƙusawa ta gaishe shi, har ta tambaye shi ya ruwa. Sai da shinkafar ta yi ciki, lokacin da kwana kaɗan babu ruwa ke kashe ta, sannan ta kai ƙara.

A zauren Maigari aka kunna. Manu ya zo da bidiyonsa a bayan babur, ya nuna wa dattawa salatif ɗin da ɗan wayar. Da aka zo kan "Na ji, Baba," babu wanda ya kalli Sulaiman, shi ma ƙasa yake kallo. Maigari ya ce gona ta Barira ce, da ƙofar ruwanta, tun daga ranar.

"Amma ɗiyata," ya ce, "shukar da ke ciki guminsa ce. Ki bari ya girbe."

"Ranka ya daɗe, shukarsa ce, ban hana shi ba. Ya je ya girbe."

Da la'asar ta isa gonar da fartanya. Ta tattare zanenta, ta shiga kwatar har gwiwa, ta riƙa kwaso laka tana dannawa a bakin mashigar ruwan har ya daina wucewa. Sulaiman ya iso da gudu, ya tsaya a kan kunya yana haki.

"Barira, sati biyu kawai. Don Allah. Ko rabi ne ki ɗauka."

"Ba na so."

"Ke ma fa asara za ki yi. Mi za ki samu in ta bushe?"

Ta fito daga ruwan, ta wanke ƙafafunta, ta shimfiɗa mayafi a kan mashigar da ta toshe ta zauna. Washegari ma ta dawo da abincinta a kwano, haka jibi. A rana ta shida ƙasar gonar ta fara tsagewa, ganyen ya naɗe ya yi ja daga baki. Sulaiman ya daina zuwa. Ita ba ta daina ba sai da gonar ta bushe gaba ɗaya.