Cokalin Gidan Verena

Shekara talatin da ɗaya na yi ina dafa wa 'yan makaranta abinci a garin Kempten, ban taɓa mayar da cokalin da na ɗanɗana miya da shi cikin tukunya ba. Ranar da na kama wata abokiyar aikina ta lashi cokali ta sake tsomawa, miyar yara ɗari biyu na tuttular a rariya, aka ci burodi da cuku. Na faɗi wannan ne don a san irin matar da aka gayyata shan kofi a gidan Verena ranar Lahadin nan.

'Yata Maren ta ƙi yi wa 'yarta Thea allurar rigakafin ƙyanda. Thea shekararta uku, ita kaɗai ce jikata. Gidan renon yara sun ce ba za su karɓe ta a watan Satumba ba sai da takarda, ko ta allura, ko shaidar likita cewa ta riga ta yi ƙyandar ta warke. Maren kuwa tana son komawa wurin aikinta.

Da farko faɗa na yi, irin nawa, har da buga tebur. Abin da na samu shi ne sati uku ban sa Thea a ido ba. Ina cikin wannan ƙunci mai kantin maganin unguwarmu ta miƙo mini wata 'yar takarda mai hoton mutane suna murmushi, wai yadda za ka yi magana da danginka masu ɗari-ɗari da rigakafi. Kada ka yi gardama. Kada ka tsorata su. Ka saurara, ka nuna ka fahimci damuwarsu. Na karanta na ja tsaki, amma na ninke ta na sa a jaka, domin ina kewar yarinyar.

Wata huɗu na yi ina haɗiye magana kamar mai haɗiyar ƙwaya ba ruwa.

"Mama, kin ma san abin da ke cikin allurar nan?" in ji Maren.

"Ban sani ba, 'yata, faɗa mini," in ce, kamar wata doluwa.

Sai ta zayyano mini abin da Verena ta ce. Verena ƙawarta ce tun daga makaranta, tana zaune a tsohon gidan gona bayan gari, tana gasa burodinta da kanta, tana da amya uku na zuma da amsar kowace tambaya a duniya. A wurin Verena zazzaɓi abokin yaro ne, ciwo kuma makaranta ce da jiki yake shiga ya fito da ƙarfi. Ni dai sai in gyaɗa kai in ce, "Na fahimce ki. Ni dai ba na son ta zauna haka ba kariya." In na dawo gida sai in wanke tukwanen da suke a wanke, don in huce.

Duk wannan hirar Maren a damana take zama, domin kunnena na hagu ba ya ji. Kowa a gidanmu ya sani. Ita kanta Thea, in tana da sirrin da za ta faɗa mini, tafukanta biyu take sawa ta juya mini fuska kamar mai juya tulu, sannan ta yi raɗa. Ko da aka tambaye ni, cewa nake yi ƙarar injin wanke kwanuka ce ta wurin aiki ta kashe shi.

A tsakiyar watan Mayu Maren ta kira ni, muryarta wasai.

"Mama, na yi tunani, gaskiyarki ne. Ba zan bar Thea ba kariya ba. Na riga na shirya komai. Ki zo gidan Verena ranar Lahadi da ƙarfe uku mu sha kofi."

Har hawaye na yi. Na ɗauka ta sa ranar zuwa wurin likita, tana so ta faɗa a gaban ƙawar tata ina tsaye a bayanta. Na gasa kek ɗin tuffa, na sa rigata mai kyau, a mota har ina yi wa 'yar takardar nan godiya a zuci.

Motoci biyar na tarar a ƙofar gidan. Verena ta tare ni ba takalmi, da kwando a hannu.

"Gudrun! Sannu da zuwa. Sa wayarki a nan, ba ma shiga da su kusa da yara, ba su da kyau ga ƙwaƙwalwa."

Na sa. Na tuɓe takalmi na bi ta, kek a hannuna.

An ja labulen falo duk da rana tana waje, an rufe tagogi. Warin ne ya fara gaya mini, warin ɗakin da mai zazzaɓi ya kwana ya wuni a ciki. A kan doguwar kujera ga Linus, ɗan Verena mai shekara biyar, an jingina shi da matasai. Idanunsa sun yi jajir sun kumbura, majina ta bushe masa a leɓe wata sabuwa tana bin ta, jan ƙuraje sun taso daga bayan kunnuwansa sun rufe fuska sun gangara wuya. Yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. A ƙasa, dab da ƙafafunsa, an zube kayan wasa, yara shida suna ta gini. Iyayensu mata na zaune a gefe da kofuna, ana hirar inda ake samun garin alkama mai kyau.

Ban gama gane abin da nake gani ba Verena ta ɗauko kwanon yogot da zuma.

"To, yara, a yi layi! Linus ne farko, shi ne mai gida."

Ta ɗiba ta sa masa a baki. Yaron ya tsotsa da ƙyar, ya yi tari a kan cokalin. Da ta zaro shi na ga zaren yawu ya biyo, ya yi tsawo kafin ya tsinke. Ta tsoma shi a kwanon, ta juya, ta ɗibo, ta miƙa wa yaron da ke gaba. Iyayen suka tafa masa.

Thea ce ta biyu. Ta hango ni ta ɗaga hannu, "Oma!" yadda yaranmu suke kiran kaka, sannan ta buɗe baki.

Na yi shekaru ina kwashe aman yara da kwasar ragowar da suka tauna suka tofar, ban taɓa ganin ƙazanta irin ta ranar ba. Na saki kek ɗin a kan wata kujera, amma kafin in taka uku ta riga ta rufe baki a kan cokalin, tana lumshe ido don daɗin zuma.

Na fizgi hannun Maren na ja ta zuwa kicin.

"Mene ne wannan? Maren, mene ne wannan ƙazantar?"

"Mama, rage murya. Tun ƙarfe goma muke nan, cokalin don a tabbatar ne kawai. In ta yi ƙyandar ta warke likita zai rubuta mana takarda, shi ke nan, kariya har ƙarshen rayuwa, ba allura."

"Kin kawo 'yarki ta sha yawun marar lafiya, kuma kika ce in gaso kek?"

"Ke fa kika ce ba ki son ta zauna ba kariya! Wata huɗu kina ce mini kin fahimce ni. Na ɗauka za ki ji daɗi, shi ya sa na gayyace ki." Har idonta ya kawo ruwa, ita ce ma aka yi wa laifi. "Kuma ai haka Oma Resi ta yi muku. Ku huɗu a gado ɗaya, duk kun yi dabbare-dabbare. Kowace Kirsimeti sai kin ba mu labarin muna dariya."

Gaskiya ne, na sha ba da labarin. Ina shekara biyar yayana Sepp ya kwaso ƙyanda, mahaifiyarmu Resi ta tattara mu duka ta zuba a gadonsa don mu yi mu gama kafin lokacin yankan ciyawa. A lokacin babu allura a ƙauyenmu, kowace uwa haka take yi. Rabin labarin nake bayarwa, rabin da ake dariya. Maren ta tashi tana ƙaunar kakarta kamar me, ban so in ɓata mata tsohuwar ba, ita ma tsohuwar har ta mutu ba ta iya kallon gefen hagun fuskata.

"Maren, dube ni. Kin san dalilin da ya sa kike tsaye a damana yanzu?"

"Saboda injin…"

"Ba wani inji. A gadon nan na bar kunnena. Kwana goma yana zubar da ruwa a kan matashi, da na tashi ba na jin kiran mahaifiyata in ta tsaya ta nan. Mu huɗu muka shiga, uku suka fito lafiya, shi ya sa ake dariya."

Ta ƙura mini ido. Na ga maganar ta shiga, na rantse na gani. Sai ga Verena a bakin ƙofa da cokalin a hannu, ta zo ɗauraye shi, yanzu da aka gama.

"Gudrun, tsoro ne yake magana da bakinki," ta ce a tausashe, irin muryar da ake yi wa mai taɓin hankali. "Yara suna jin tsoron manya, shi ne yake sa ciwon ya yi musu tsanani."

"Ke kuma rufe mini baki. Ɗanki yana can yana neman numfashi kin mayar da shi tukunyar rabo."

Nan fuskar Maren ta rufe.

"Shekara talatin kina cewa inji ne, Mama. Yau da kike neman cin gardama ya zama ƙyanda? Ban taɓa zaton za ki yi mini ƙarya don ki tsorata ni ba."

Ƙaryar da na yi don in rufa wa uwata asiri ita ce aka yarda da ita, gaskiyar kuma ta zama ƙarya. Na ji ƙyamar Verena da cokalinta, na ji ƙyamar matan nan da suka yanka kek ɗina suna ci a ɗakin, amma wadda ta fi ba ni ƙyama ita ce tsohuwar da ta yi wata huɗu tana gyaɗa kai.

Washegari da sassafe ina ƙofar kantin magani. Matar ta ce in aka yi wa yaro allura cikin kwana uku da haɗuwarsa da mai ciwon, sau da yawa tana tarewa. Na tafi gidan Maren ranar Litinin, ta ƙi buɗe ƙofa. Ranar Talata na kira Sepp na ce ya gaya mata da bakinsa, ya ce shi yana ɗan shekara bakwai a lokacin, abin da ya tuna kawai an ba su ruwan zuma, kuma kada in sa shi cikin rigimar mata. Ranar Laraba na tsaya a ƙarƙashin tagarta ina kiran sunanta har maƙwabta suka leƙo. Da kwana ukun suka cika na buga wa hukumar lafiya na ba su sunan Verena da adireshinta. Abin da suka yi mata ban sani ba. Maren dai ta aiko mini da layi ɗaya, cewa kada in sake zuwa.

Sati bakwai ban ji komai ba. Ranar wata Asabar a watan Yuli ta kira, wai Thea tana ta tambayata, in ina so in zo, amma ban da maganar da ta wuce.

Abin da ta fara nuna mini takardar likita ce, an manna ta a jikin firji kusa da zanen Thea.

"Kin gani? An karɓe ta, Satumba za ta fara. Kwana tara kawai ta yi a kwance. Ɗan ciwon kunne ne ya biyo baya, na ɗaura mata ƙunshin albasa mai ɗumi, ya wuce."

"Likita ya duba kunnen?"

"Mama. Mun yi alkawari."

Thea ta rugo ta faɗa jikina. Ta rame, fatar kumatunta tana ɗan saɓa, amma ita ce, da ƙanshin gashinta da komai. Na ɗora ta a cinya na rungume, na ce a raina to, wataƙila tana cikin ukun da suka fito lafiya. Na sunkuya na raɗa mata sirrinmu na kullum, cewa akwai cakulan a aljihun jakata kuma kada Mama ta ji.

Ba ta motsa ba. Tana ta wasa da maɓallin rigata.

Na sake faɗa, da ɗan ƙarfi. Ta ji numfashina a wuyanta, ta ɗago. Sai ta karkatar da kai, ta juyo mini da ɗaya gefen, yadda na yi shekara sittin ina yi wa mutane.

"Oma, faɗa ta nan. Wancan yana barci."

Maren ta yi dariya daga wurin tebur. "Kin ga shaƙiyiya? Kwaikwayonki take yi. Sati uku ke nan, kowa ya yi mata magana sai ta juya kai kamar ke." Tana faɗa tana goge teburin da ba abin da ya zuba a kansa, ba ta ɗago ta dube ni ba.

Na gyara wa yarinyar gashi, na sa baki a kunnenta na dama, na faɗa mata inda cakulan ɗin yake.