Bijimin Alƙasum da Baƙon da Bai Zo Ba

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, ana tsakiyar bazara, gardin kumandan, wato dogarin baturen mulkin yankinmu, ya iso ƙauyenmu, arewa da Affala, bisa raƙumi. Ko sauka bai yi ba. Ya ce wani babban baƙo zai zo daga Tawa jibi, a samu sa mai ƙiba a yanka, kada a kunyata gwamnati.

Sa mai ƙiba a bazara, in ba neman fitina ba? Shanun gari daga ƙashi sai fata. Guda ɗaya ne mai nama, bijimin tsoho Alƙasum. Da shi yake jan wasaki, babban gugan fata, daga rijiyarmu mai zurfin tsiya, ya shayar da dabbobin mutane, su ba shi hatsi. Abincinsu ke nan shi da matarsa Kulu, ba su da ɗa a gida. Dusar da yake ba bijimin ita ta sa shi ƙiba, ƙibar kuma ta jawo masa.

Alƙasum ya je ya durƙusa gaban maigari.

"Ranka shi daɗe, in anka yanke shi, da mi za ni jan ruwa?"

"Baba Alƙasum, ba ni nic ce ba," in ji maigari, yana kallon ƙasa. "Daga sama taz zaka."

Ranar zuwan baƙo da hantsi aka kayar da bijimin aka yanka. Tukwane na tafasa, mata na ta daka, sai ga gardin nan kuma.

"An hwasa," ya ce. "Baƙo ya bi ta Takanamat. Kumandan ya ce kada a yanka komi, a maida ma mai sa sanai. Tun jiya anka hwaɗi, amma sunka ce in dakata, wataƙila a sake."

Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Almustafa, tsohon sojan Faransa mai son a san ya ga duniya, ya gyara zama ya shiga yi mana bayani. Wai abin bariki ne, har suna gare shi, Faransawa da Turawan Ingila duk suna da kalmar. Babba ya ba da umarni, ya aiko da wani ya soke na farko, sojan da aka ce ya tafi sai ya juyo.

Na ce masa soja na da ƙafar juyowa, naman da ke tukunya fa?

Maigari kuwa ya bi umarni na biyu kamar yadda ya bi na farko. Ya aika wa Alƙasum fata da igiya da cinya guda. Kulu ta ƙi taɓa naman.

Washegari na kai awakina rijiya. Kulu na tsaye bakin rijiyar tana jiran wasaki. Alƙasum ya ɗora igiyar a kafaɗa, ya sunkuya, yana bin turbar da bijiminsa ya shekara yana takawa.