Haƙorin Mai Begila

Duk garin Neiafu, nan tsibirinmu, babu wanda bai san haƙorin gaba na Sitaleki ba, domin a kansa yake jingina bakin begila tun kafin a haife ni. Shi ne shugaban masu badujalar cocinmu, tsoho mai faɗan tsiya, ga kunne kamar na zomo. Ranar da haƙorin ya matsa masa, sai ga shi a asibitinmu ya ɗaura tabarmarsa ta fita kunya a ƙugu kamar yadda al'adarmu take, mutanensa na biye da ganguna da ƙahoni, wai daga nan za su wuce atisaye. Ni ce mai taimaka wa likita, kuma ba na son cinkoso, don haka na jibge su a baranda.

Dakta Melenaite ta duba hoton haƙorin, ba ta ɓoye masa komai ba. An taɓa wanke ramin jijiyar, ciwon ya dawo. In wannan karon ma bai yi ba, sai cirewa.

"Cirewa?" in ji Sitaleki. "To da me zan busa, da hanci?"

"Shi ya sa za ka natsu, Baba. Ramin nan lungu-lungu ne. Zuba magani kawai ba ya isa, sai an girgiza shi ya kutsa ko'ina."

Muna da 'yar na'ura mai karkarwa da ke wannan aikin. Na danna ta, ta yi kukan sauro, ta mutu murus. Batirin ya gama yayi, sabon kuma yana jirgin ruwan da ko tasowa bai yi ba. Saura hanyar da: a zura siririn tsinken roba cikin ramin, a yi ta sama da ƙasa da hannu, a hankali, ba gaggawa ba jinkiri.

Nan fa ake yin ta. Melenaite gwana ce, amma tana yarinya wannan tsohon ya kore ta daga badujala, ya ce ko tafi ba ta iya yi daidai ba. Kuma wallahi bai yi mata ƙarya ba.

Ta fara. Ta yi sauri, ta tsaya, ta sake zabura. Sitaleki na kwance baki buɗe, shimfiɗar roba ta rufe masa leɓe, idanu sun fito waje. Ba zafi ba ne, allura ta kashe wurin. Kunnensa da ransa ne ke shan azaba. Da abin ya ishe shi, ya ɗaga hannun dama ya fara kaɗa mata lokaci a iska.

Mutanensa suka hango ta taga. Su kuwa in wannan hannun ya tashi ba sa tambaya. Babbar ganga ta ce dum, ƙahoni suka ɗauka, masu jiran layi suka miƙe tsaye.

"Luseane!" likita ta daka mini tsawa. "Je ki ce su yi mana shiru!"

"Likita, dubi hannunki tukuna."

Ta duba. Tsinken na bin gangar tiryan-tiryan, maganin na kumfa yana fito da datti. Duk sa'ad da ta tsaya don a zuba sabon magani, sai Sitaleki ya dunƙule hannu, badujala ta ɗauke ɗif. Haka muka yi har ruwan ya fito tas.

Da na cire masa robar, abin da ya fara ce wa likita shi ne, "'Yar nan, kin yi gaggawa a baiti na biyu."

"Kurkure bakinka, Baba," in ji ta.

Bayan wasu watanni hoto ya nuna ƙashin ya warke, haƙori ya zauna. Da la'asar ɗin nan Sitaleki ya dawo shi kaɗai, ya tsaya ƙarƙashin tagarmu yana busa. Na ji sautin na rawa, na zaci haƙorin ne ya sake tashi, na leƙa. Ashe hawaye ne ke zuba masa, har ni ma ya sa ni. Melenaite ta tsaya a bakin ƙofa tana tafa masa, ko sau ɗaya tafin bai faɗa daidai ba. Tsohon ya rage saurin busa, ya bi tafin nata.