Bokitan Shinkafar Malama Zahra'u

A wata sakandare da ke Kawo, duk ranar da aka ce baƙi za su zo daga ma'aikatar ilimi, sai a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, a kuma sare duk wani kore da ya ɗaga kai. Haka aka saba.

Malama Zahra'u, mai koyar da ilimin halittu, tana fitowa daga aji ta hango Idi lebura riƙe da adda ya nufi bokitanta a bayan ɗakin gwaji. Shinkafa ce a ciki. Bi da bi ta shuka ta tun farkon zango, wata ta kai gwiwa, wata ba ta wuce yatsa ba. Ɗalibai kan tsoma karan a jar tawada, su jira ta hau, sannan su yanka da reza. A ƙaramin tsiro 'yan ɗigo kaɗan suke gani. A babba kuwa jijiyoyin da ke jan ruwa sun yawaita, sun jeru kamar zobe. In aka sare yau, ba sauran lokacin sake shuka kafin jarrabawa.

"Malam Idi, dakata," in ji ta.

"Wallahi ba ni ba ne, Malama. Mataimaki ne ya sa ni."

Sai ga mataimakin shugaban makarantar, Malam Sharhabil, yana share gumi.

"Malama, ciyawa ce fa. So kike baƙi su ce mun koma fadama?"

"Shinkafa ce, ranka ya daɗe. Jiya ma ka ci 'yar'uwarta da wake."

Idi ya juya baya yana tarin ƙarya.

"Ko dafaffiya ce, umarni ne. Kada a bar komai a harabar nan."

Ta kalli ganyayen. Ba ta saba musu da manya ba.

"To, haraba taku ce," ta ce a hankali. "Aji nawa ne."

Ta leƙa ta taga ta kira 'yan ajinta. Suka fito suka ɗauki bokitan bibbiyu, ruwan laka na zuba a takalmansu, suka jera su a gaban allo daga ƙarami zuwa babba.

Malam Sharhabil ya biyo ta har bakin ƙofa. "Nan baƙi za su fara shiga. Zan ba ki takardar tuhuma."

"Ba ni, ranka ya daɗe. Zan amsa bayan darasi."

Ya juya ya ce wa Idi ya wuce filin ƙwallo.

Ita kuwa ta ɗauki alli. "Ku zauna. Da ƙaramin za mu fara."