Robar Garmahon Baba

Da Baba ya rasu ban yi kuka ba. Ba taurin zuciya ba ne, hawayen ne suka ƙi zuwa. In je kantin maganin da nake aiki, in miƙa wa mutane ƙwayoyinsu, in dawo gida in zube kamar buhu.

Ranar da aka raba kayansa, kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi. Ni aka bar mini garmaho da tarin faya-fayai, duk na mutum ɗaya, wani mai busa ƙaho da ake cewa a kiɗan jaz ba a yi kamarsa ba. Baba in ya taso daga tuƙin bas, sai ya shige ɗaki ya kunna shi. Mu kuwa muna waje muna dariya, wai kiɗa ba waƙa, sai ka ce saniya na nishi.

Ban san ta inda ake farawa ba, sai na tambayi tela maƙwabcinmu, abokin Baba.

"Ɗiyata, ni ma ban taɓa gane kan kiɗan nan ba," in ji shi. "Ki duba wanda kwalinsa ya fi jin jiki. Shi ya fi so ke nan."

Haka na yi. Na ɗora faifan, na sauke allura. Kiɗan ya fito a hankali, da nauyi, ƙahon yana ja da ƙyar. Ban ji daɗinsa ba, ban ji haushinsa ba. Amma ɗakin ya koma yadda yake in Baba na ciki. In na juya wa kujerarsa baya, sai in ɗauka yana zaune. Abin da ya rage mini na Baba ke nan, don haka kullum na dawo aiki sai na kunna.

Wata rana yayana ya zo ya tarar da ni ina ji.

"Ke, abin nan ba lafiyarsa ƙalau ba. Ba ki ji yana jan ƙafa ba?"

"Haka yake, Yaya."

Yayana irin mutanen nan ne da ba su iya cewa sannu ba, sai dai su gyara maka wani abu. Ina wurin aiki ya zo ya ɗauke garmahon. Da ya dawo da shi, bakinsa har kunne.

"Robar da ke juya faifan ce ta saki. Mai gyara ya ce ta yi shekaru a haka. Yanzu za ki ji ainihin kiɗan."

Ya kunna. Ƙahon ya taso da gudu, tas, ganga na biye da shi. Ashe kiɗan rawa ne. Yaya har yana kaɗa kai. Kiɗa ne mai daɗi, ban musa ba, amma ban san shi ba. Na juya wa kujerar baya, na jira. Babu kowa.

Da safe na tafi shagon mai gyaran.

"Malam, ina tsohuwar robar da ka cire?"

"Baiwar Allah, ai ta bi shara. Me za ki yi da ita?"

"To ba za ka iya sa sabuwar ta saki ba?"

Ya fara dariya, da ya dubi fuskata sai ya fasa.

"Za ta saki da kanta," ya ce. "Ki yi ta kunnawa. Sai dai fa kafin nan kin yi furfura."

Na ce to. Na yi masa godiya na wuce aiki, don na riga na makara.